Masu Duba Itatuwa da Shaidar Masana a Gaban Alƙali a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

A cikin rigingimun da ake kaiwa gaban dagaci ko alƙali a karkararmu, akwai wata iri wadda ba a cika rubuta tarihinta ba, wato rigimar itace. Ɗorawa guda ɗaya a tsakiyar gonar gado ta isa ta raba 'yan uba har jikoki. Wani lokaci reshen darbejiya ne zai karye ya rushe katangar maƙwabci, ko makiyayi ya sassabe gawo ya ba dabbobinsa, ko kuwa hukuma ta karɓi gona za ta fitar da hanya, a zo lissafin diyyar itatuwan da ke ciki. A irin waɗannan shari'o'i akwai tambayoyin da alƙali, komai zurfin karatunsa, ba zai iya amsa su daga kan buzunsa ba. Shekarun itacen nan nawa? Shi ya riga katanga ko katanga ce ta riga shi? Sara ne ya kashe shi ko dama gara ta cinye cikinsa? Kwando nawa na kalwa yake bayarwa a shekara? Tilas a nemo wanda ya san itace, ya je ya gani, ya dawo ya faɗa.

Wannan maƙala tana bin tarihin wannan mutum ne: wane ne shi a zamanin sarakuna, wane ne a zamanin Turawa da En'e, wane ne kuma a yau, da abin da aka riƙa dubawa a kowane zamani kafin a karɓi maganarsa. Na yi aikin gwamnati shekara 35, wani sashe nasa a kwamitocin biyan diyya, na kuma zanta da tsofaffin malaman daji da muhutai waɗanda yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Abin da na tattaro shi ne, magabatanmu sun ɗora cancantar mai shaida a kan ginshiƙi biyu, wato sani da amana, kuma duk lokacin da aka riƙe ɗaya aka saki ɗaya, talaka ne ya ji a jikinsa.

Matsayin Itace a Dukiyar Bahaushe

Kafin a fahimci nauyin wannan shaida, ya kamata mai karatu, musamman yaranmu na birni, ya san cewa itace dukiya ce mai zaman kanta. Ɗorawa tana ba da kalwa ta daddawa, da gari, da makuba ta daɓe da yaɓen soro. Kuka tana ba da miya da igiya. Kaɗanya tana ba da mai. Majema ba su da aiki in babu bagaruwa, maƙera kuma gawayin ƙirya suke nema. Da azarar giginya aka rufe sorayen sarakuna da masallatai, da itacen aduwa ake sassaƙa allon almajiri. Gawo kuwa taki ne ga gona, 'ya'yansa abinci ne ga dabbobi a lokacin da ciyawa ta ƙare.

Saboda haka ne a wurare da dama ake raba mallakar itace da mallakar ƙasar da yake kai. Mutum kan sayar da gona ya ce ban da ɗorawa, ko ya jinginar da gonar ya ci gaba da ɗiban 'ya'yan itacensa. A rabon gado ana ƙirga itatuwa daban, sau da yawa kuma mata da marayu ne rabonsu ke faɗawa a kansu. Haka nan itace shi ne turken iyaka: tsohuwar kuka kan nuna kufai, jerin tsamiya ko kanya kan nuna inda ƙasar wani dagaci ta tsaya. Ko sunayen garuruwa da unguwanni sun ishe mu shaida: Ɗorayi da Kurna da Rimin Gado a ƙasar Kano, Giginya a Sakkwato, Kukawa a Barno. Abin da yake da wannan daraja kuwa, dole a yi jayayya a kansa.

Masana Kafin Zuwan Turawa

A zamanin sarakuna babu wani ma'aikaci guda da ake kira mai duba itace. Sanin ya rarrabu ne a hannun masu sana'a, kowa da fanninsa. Masassaƙi yana ƙwanƙwasa gindin itace da ƙotar gatari, daga ƙarar da ya ji ya gane ko akwai kogo a ciki. Magini ya san azarar da ta ƙosa da wadda aka sare ɗanya, ya kuma san azarar namijin giginya ta fi ta macen ƙarfi. Maharbi ya san iyakokin dawa itace bayan itace. Mai magani ya san iyakar sassaƙen da itace zai jure, da wanda in an zagaye gindinsa da shi sai ya bushe. Tsofaffin mata masu daddawa da man kaɗe su suka fi kowa sanin yawan abin da itace ke bayarwa a shekarar albarka da shekarar fari.

Kowace sana'a tana da shugabanta, kamar Sarkin Sassaƙa, Sarkin Magina, Sarkin Baka da Sarkin Noma. Idan rigima ta taso, mai unguwa ko dagaci yakan tura wa ɗaya daga cikinsu, shi kuma ya je da kansa ko ya zaɓi wanda ya amince da shi. Takardar shaidar irin wannan mutum ita ce shekarun da ya yi a gaban ubangidansa, da aikin hannunsa da jama'a suka gani. Turmin da ya sassaƙa bai tsage ba, soron da ya rufe bai rufta ba. Sannan a garin yake zaune, gobe zai haɗu da masu shari'ar a masallaci da kasuwa, in ya yi ƙarya sunansa ya ɓaci har 'ya'yansa.

Duk da haka, tsarin yana da nasa rauni. Masanin na ƙarƙashin sarauta ne, idan kuwa mai sarauta yana da ido a kan ɗorawar da ake jayayya a kanta, ba kowane masassaƙi ne zai iya buɗe baki ba.

Abin da Littattafan Alƙalai Suka Shimfiɗa

Alƙalan ƙasar Hausa da littattafan mazhabar Malikiyya suke hukunci, kamar Risala da Muhtasar na Halilu da Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa ta Andalus wanda ya rasu a shekarar 1426. Waɗannan littattafai ba su bar maganar masana a sake ba. A cikin Tuhfa akwai fasali na musamman a kan cutarwar itatuwa. An bambanta tsakanin itacen da aka shuka bayan an gina bango da wanda bangon ya tarar. Na farko, ana sare duk abin da ke cutar da bangon. Na biyu kuwa malamai sun yi saɓani, maganar da ta fi shahara ita ce a bar shi. Ashe ke nan hukuncin gaba ɗaya ya rataya ne a kan sanin wanda ya riga wani, wannan kuwa sai masani. Haka kuma littafin ya nuna cewa aibin abin da aka saya ba ya tabbata sai da maganar waɗanda suke da basira a kansa, kuma a abin da ya shafi ba da labari na sani mutum ɗaya ya wadatar, amma biyu sun fi.

Asalin wannan babi yana komawa ga kintacen dabino. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan aika Abdullahi bin Rawaha zuwa Haibara ya kintaci dabinon da ke kan itatuwa kafin a raba. Masu gonakin suka tara masa kayan adon matansu don ya sassauta, ya ƙi karɓa, ya yi kintacensa bisa gaskiya. Daga nan malamai suka shardanta wa mai kintace abu biyu: ya zama masani, ya kuma zama adili. Suka ce ya bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya, kada ya tsaya a bakin gona ya yi jimla.

Domin tabbatar da adalcin mai shaida akwai tazkiya, inda alƙali ke bincikar halinsa a wurin mutanen kirki da suka san shi. Akwai kuma i'izari, wato a tambayi wanda shaidar ta hau kansa ko yana da suka ko wata hujja kafin a yanke hukunci. Wani tsohon muhuti ya shaida mini cewa a zamaninsu alƙali kan tura muhuti tare da masassaƙi ko dattijon manomi, masanin ya duba, muhutin ya rubuta, su dawo su karanta a gaban masu shari'a. Gani ya kori ji.

Zuwan Turawa da Malaman Daji

Aikin gandun daji na zamani daga Kudu ya faro, saboda katako da roba. A shekarar 1903 aka kawo H. N. Thompson, wanda ya yi aiki a dazuzzukan ƙasar Bama, ya shugabanci sashen. Bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914, Gwamna Lugga ya kafa dokar gandun daji ta 1916 wadda ta game ƙasa duka, aka sake fasalinta a 1937 aka ƙara wa hukumomin En'e iko. Ta wannan hanya aka keɓe dazuzzuka irin su Kamuku a 1936 da dajin Kogin Kano, wanda muka sani yau da Falgore. Kafin a daina keɓewa, gandun daji ya kai kimanin kashi 10 cikin 100 na faɗin Nijeriya.

Doka ta tanadi cewa kafin a keɓe daji, sai an naɗa jami'in da zai zauna ya saurari duk mai da'awar haƙƙi a ciki. A nan dattawa da maharba suka riƙa ba da shaida a kan hanyoyi da mashaya da maƙabartu da wuraren ɗiban zuma da 'ya'yan itace. Abin da aka rubuta ya zama haƙƙi, abin da ba a rubuta ba ya faɗi. Ƙauyen da ya sami dattijo mai baki da tafinta mai gaskiya ya tsira da rabonsa, wanda bai samu ba, jikokinsa sun tashi sun tarar da dutsen iyaka.

A nan ne aka haifi malamin daji, mai kaki da littafin rasit da tef na awo. A samansa akwai wakilin En'e mai kula da daji, a saman wannan kuma Baturen daji na lardi. An koya wa malamin daji auna kaurin itace daidai ƙirji, da sanin itatuwan da aka hana sarewa ko da a gonar mutum suke, da yanka takardar izini. Wannan sani ne na gaske, kuma ya ceci maɗaci da marke da giginya masu yawa daga gatari. Sai dai an shigo da wata matsala. Malamin daji shi ne mai kamawa, shi ne mai kai ƙara, shi ne kuma masanin da alƙali zai tambaya. Shi da alƙalin duk baitulmalin En'e ke biyansu, tarar ma can take shiga. Manomin da ya ce busasshen reshe ya sara ba shi da wani masani nasa. Dattawa da yawa sun gaya mini cewa sun riƙa tuge 'ya'yan itatuwa tun suna ƙanana a gonakinsu, don gudun kada su girma su jawo musu malamin daji. Dokar da aka yi don tsare itace ta sa mai gona ya ɗauke shi abokin gaba.

Wani abin lura shi ne, ilimin da Turawan suka zuba a littattafai daga bakin mutanenmu suka ɗebo da yawansa. Likita J. M. Dalziel ya buga littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, H. V. Lely kuma ya buga nasa a kan itatuwa masu amfani na Arewa a 1925. Sunaye da amfanin da ke cikinsu, masassaƙa da maharba da masu magani ne suka faɗa. Amma da aka zo tsarin aiki, wanda ya karanta littafin ya zama masani, wanda aka tambaya aka rubuta littafin ya koma ɗan kallo.

Darasi Daga Zancen Hamada

Akwai wani abu da ya faru a wannan zamani wanda, ko da yake ba a kotu aka yi shi ba, ya dace kowane alƙali ya san shi. A shekarar 1934 Farfesa E. P. Stebbing na Jami'ar Edinbara, tsohon ma'aikacin daji a Indiya, ya ratsa Arewacin Nijeriya da ƙasar Nijar da rani. A 1935 ya wallafa cewa hamadar Sahara tana gangarowa kudu, tana barazana ga ƙasashenmu, ya ba da shawarar a kafa shingen daji mai tsawo. A fagen takarda da muƙami, da wuya a sami wanda ya fi shi a lokacin.

Gwamnatocin Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa na ma'aikatan da suka daɗe a ƙasar, wanda ya bi iyakar Nijeriya da Nijar daga ƙarshen 1936 zuwa farkon 1937. Kwamitin bai sami hujjar cewa rairayin Sahara na tafiya kamar yadda Farfesa ya siffanta ba. Abin da ya gani shi ne lalacewar daji a wurare daban-daban saboda sara da ƙuna da faɗaɗa noma. Baƙon da ya ga ƙasarmu a watan Maris, ciyawa ta ƙone, itatuwa sun kaɗe, bai ga yadda take komawa a watan Agusta ba. Da ɗan gari kan ci gari.

Ba ina nufin damuwarsa ta banza ce ba. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985 sun nuna mana yadda ƙasa ke tsirara, kuma shingen da ya ambata ya dawo da sabon suna lokacin da Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa a 2007, Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015. Darasin dai shi ne, digiri yana nuna mutum ya san fanni, amma ba ya nuna ya san wannan wuri a wannan lokaci.

Makarantu da Takardun Shaida

Sannu a hankali aka gina makarantu. An buɗe makarantar koyon aikin daji ta Ibadan a 1941, ta Jos kuma a 1958 domin 'yan Arewa. Sashen binciken daji na tarayya ya kafu a 1954, shi ne daga baya ya zama Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Nijeriya, an kuma buɗe tashar binciken dajin sabana a Samarun Zariya a 1964. Jami'ar Ibadan ta fara koyar da digirin gandun daji a 1963. Daga nan aka sami matakai: mai gadin daji, mai satifiket, mai difloma, mai digiri.

Ta ɓangaren shari'a ma an yi sauyi. Makarantar koyon shari'a ta Kano, wadda aka kafa a 1934, ta horar da alƙalai. A 1968 aka cire kotuna daga hannun En'e aka mayar da su kotunan yanki a ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ta jiha, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya kawo ƙarshen En'e ɗungurungum. Wannan ya raba alƙali da malamin daji daga tukunya ɗaya, abin a yaba ne. Amma a daidai lokacin sarautun sana'a suka rasa matsayinsu a gaban hukuma, tazkiya ta koma ambaton baki, takarda mai hatimi ta maye gurbin binciken hali.

Dokar Shaida da Rigimar Diyya

Mutane da yawa suna zaton dokar zamani ba ta karɓar shaidar masani sai mai digiri. Ba haka ba ne. Dokar Shaida, wadda aka fara kafawa a 1943 ta soma aiki a 1945, aka kuma sabunta ta a 2011, ta ce a sashe na 68 idan kotu na bukatar fahimtar wani batu na kimiyya ko fasaha ko al'ada, ana karɓar ra'ayin wanda yake da ƙwarewa ta musamman a kansa. Ƙwarewa dokar ta ambata, wadda ake samu ta hanyar karatu ko ta daɗewa a aiki. Abin da manyan kotuna ke nema shi ne masanin ya fara bayyana yadda ya sami saninsa, ya faɗi dalilan da ya gina ra'ayinsa a kansu, ya kuma tsaya lauyan ɗaya ɓangaren ya yi masa tambayoyi. Bayan haka ma alƙali ba dole ne ya bi shi ba idan maganar ta saɓa wa hankali. Wanda ya duba da kyau zai ga wannan bai yi nisa da abin da ke cikin Tuhfa ba.

Inda aka fi jin jiki shi ne wajen diyya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce idan hukuma ta karɓi fili don amfanin jama'a, ana biyan abin da aka raya a kansa, ƙimar amfanin gona kuma jami'in da aka ɗora wa aikin ne ke yanke ta, saɓani kuwa sai a kai gaban kwamitin rabon filaye. Tun 1975 akwai hukumar rajistar masu kimanta kadarori, amma mai kimanta gini ba lalle ne ya san itace ba.

Abin da ya faru a Bakolori, kusa da Talatar Mafara, ya isa wa'azi. An kammala madatsar ruwan a 1978, aka baje gonaki domin noman rani, itatuwa masu yawa suka tafi. Manoma suka yi ta kuka a kan filaye da itatuwan da ba a biya su ba ko aka biya su a wulaƙance, har suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka far musu. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen wurin da masu bincike suka ce waɗanda suka mutu sun kai ɗaruruwa. Dalilan rikicin suna da yawa, amma rashin amincewa da masu ƙirga da masu kimantawa yana cikinsu.

Ni kaina na ga ƙaramin misali a wani aikin hanya. An tura wani saurayi mai difloma, yaro mai ladabi wanda bai karɓi kwabon kowa ba, ya ƙirga itatuwa a watan Agusta. Ya tarar da gawo 14 a gonar wata gwauruwa babu ganye ko ɗaya, ya rubuta busassu ne, ba su da diyya. A ƙasar da ya tashi babu gawo, bai san cewa shi da damina yake kaɗe ganye, da rani ya yi kore ba. Sai da Sarkin Noman garin ya kankare ɓawon ɗaya da farce ya nuna wa kwamiti ɗanyen jikinsa aka gyara takarda. A wani wurin kuma akasin haka na gani. Dattawa masu furfura, waɗanda suka san itace kamar yunwar cikinsu, suka rantse cewa mangwaron da aka dasa da dare kwana uku kafin zuwanmu ya shekara biyu a wurin. Na farko yana da amana babu sanin wuri, na biyu suna da sani babu amana. Dukansu da an bi maganarsu da an ci haƙƙin wani.

Abin da Ya Kamata a Nema ga Mai Shaida

Daga wannan tarihi, ga abin da nake ganin ya dace alƙali ko shugaban kwamiti ya bincika kafin ya karɓi maganar mai duba itace, ko mai digiri ne ko mai gizago.

Da farko, a ina ya koya, a wurin wa, shekara nawa, kuma ya taɓa aiki da irin wannan itace a irin wannan ƙasa? Wanda ya ƙware a katakon kurmi ba shi ne masanin kaɗanya ba.

Na biyu, ya je da ƙafarsa? Yaushe, a wane yanayi na shekara? Me ya auna, me ya rubuta, akwai hoto? Idan ya ce itace na da haɗari, ya nuna alama: kogo, ko tsagewa a marabar rassa, ko lemar kwaɗi a gindi, ko ƙasa ta ɗaga ta gefe guda, ko kauci ya cinye kai, ko an datse saiwa wajen haƙa kwata.

Na uku, ya san abin da ke sa ƙima ta bambanta? Namijin giginya da na dabino ba sa 'ya'ya. Kaɗanya kan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara haihuwa, alhali mangwaro mai aure cikin shekara 3 ko 4 yake farawa. Wanda aka sare wa kaɗanya an raba shi da abin da ba zai mayar ba sai 'ya'yansa sun girma. Jadawalin farashin da aka rubuta shekaru da yawa da suka wuce kuwa, tsadar rayuwa ta riga ta cinye shi.

Na huɗu, ya san iyakar saninsa? Ba kowane itace namu ne zoben shekarunsa ke fitowa sarai ba, ko mai fitowar ma sai an sare shi. Masanin kirki zai ce tsakanin shekara kaza da kaza ne. Wanda ya ce shekararsa 47 daidai, a tambaye shi ko yana nan aka shuka.

Na biyar, wa ya kira shi, wa zai biya shi, mene ne tsakaninsa da masu shari'a? Wanda ya kama mutum bai dace ya zama shi kaɗai ne masanin da za a saurara a kansa ba.

Kammalawa

Na kawo wannan tarihi ne domin itatuwan da suka rage mana sun yi kaɗan, masu gawayi da masu yankan filaye sun yi yawa, saboda haka rigimar itace ƙaruwa za ta yi. Ina ba da shawara ga hukumomin shari'a na jihohinmu su haɗa kai da masarautu da ma'aikatun muhalli su tanadi sunayen amintattun masana a kowace gunduma, a haɗa mai takarda da mai sana'a su riƙa fita tare, kamar yadda muhuti da masassaƙi suka riƙa yi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga 'yan'uwana malaman makaranta kuma, akwai aikin da ba ya bukatar kasafin kuɗi. A fita da yara su koyi sunayen itatuwan garinsu, a gayyato tsohon masassaƙi ko tsohuwa mai daddawa su yi musu bayani, a rubuta abin da suka faɗa a ajiye a makaranta. A cikin yaran nan ne za a sami alƙalai da malaman daji na gobe. Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya a kan abin da muka sani, da yin shiru a kan abin da ba mu sani ba, amin.